Butar Masallaci da Murfin Kwata: Tarihin “Kayan Jama'a” a Zangon Agege

A ƙofar masallatan unguwa a Agege akan ga jerin butocin roba, wasu shuɗɗa, wasu masu ratsin kore da rawaya, an rubuta sunan masallacin a jikinsu da jan fenti. Wasu an ƙara musu kalma guda: wakafi. Buta ba ta kai kuɗin kwanon tuwo ba, ba kuma wanda aka ɗauka gadinta, amma sai ta shekara tana hidima har gindinta ya tsage. Yaron da ya kuskura ya kai ta gida, uwarsa ce za ta fara tasa ƙeyarsa ya mayar. Taku ashirin daga nan, a bakin titi, ga kwata a hangame. An ɗauke murfin ƙarfen da ke kanta tun watannin baya, wani mai tausayi ya cusa tsohuwar taya a ramin don kada ɗan acaɓa ya afka da dare. Mutanen da ke alwala da butar su ne ke tsallake ramin sau biyar a yini. Idan mai fassara labarai a rediyo zai ambaci abubuwan nan biyu, suna ɗaya zai ba su: dukiyar jama'a. A bakin mutanen unguwa kuwa kowanne da sunansa. Buta ta masallaci ce. Murfi kayan gwamnati ne.

Hausa ba ta yi ƙarancin kalmomi a wannan fage ba, yawa ma suka yi mata. Akwai “na kowa da kowa”, wato inuwar bakin hanya da rijiyar kasuwa. Akwai “haƙƙin jama'a”, wadda malamai suka fi riƙewa saboda tana tafe da tsoron ranar hisabi. 'Yan jarida suna da “baitulmali”, sukan jawo ta idan za su ce wani ya yi rub-da-ciki da kuɗi. Ɗan siyasa a dandalin kamfe ya fi son “dukiyar al'umma”. Sai “kayan gwamnati”, wadda ake furtawa ana ɗaga kafaɗa.

A tsakaninsu duka akwai tambayar nan da ba ta tsufa: na ubanka ne? Dattijon da ya ga yaro yana jifan fitilar titi da ita zai tsawata masa: “Kai ɗan nan, na ubanka ne da za ka fasa?” Wanda kuma aka kama yana kwance waya a jikin turken wuta da ita zai kāre kansa: “To Malam, na ubanka ne da za ka hana ni?” Kalmomi iri ɗaya, ɗaya yana nufin abin yana da mai shi, ɗaya yana nufin ba shi da kowa.

Bahaushen da ya fara sauke kaya a Kurmi ya zo da fahimtarsa tun daga gida. A garinsu akwai hurumi a bayan ganuwa, inda ba a noma, dabbobin gari ke kiwo, a wani gefen kuma a rufe mamata. Akwai burtali mai shingen aguwa da manomi ba ya ci ko da taku ɗaya in yana son zaman lafiya da makiyaya. Akwai mashaya, akwai filin Idi, akwai ganuwar da ake fita aikin gayya a yaɓe ta da rani. Karatun zaure ya ƙara masa da cewa ruwa da ciyawa da wuta abubuwa ne da mutane suka yi tarayya a cikinsu, kuma tsintuwa ba ta zama ta mai tsinta sai ya yi cigiya shekara guda. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su, har da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, kama dabbobin mutane a ɗora musu kayan sarki ba izini, da cinye dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya zayyana wa mai mulki inda kuɗi ke shiga baitulmali da inda ya halatta su fita. Gaskiya ce cewa aiki bai daɗe yana bin littafi ba. Ba a yi nisa ba gaisuwa ta dawo ta bayan gida, iyakar da ke tsakanin gandun sarauta da aljihun sarki ta sake dushewa. Amma ma'aunin ya zauna a kan mutane, talaka ya san da abin da zai auna sarki ko da bai isa ya faɗa ba.

Turawa da suka zo sai suka ari tsohon sunan suka liƙa wa sabon abu. A Katsina aka fara gwajin, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, a wajajen 1911 kuma aka yaɗa shi sauran masarautu: a tara haraji da jangali wuri guda, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, sauran ya shiga baitulmalin En'e, a yanka wa sarki da hakimai albashi. A takarda ci gaba ne, don an raba kuɗin hukuma da na sarki. A idon mai biya kuwa baitulmali ya zama inda kuɗinsa ke tafiya bayan ɗan sarki ya tsaya masa a ƙofar gida, ya sayar da akuya ya biya. Layin dogon Baro zuwa Kano da aikin tilas aka yi yawancinsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Abin da ake kira na gwamna, da gumin talaka ake yin sa, amma ba a taɓa ce masa nasa ba ne.

Goro da reluwe suka kawo Hausawa Agege. An fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, wato Legas, a 1896, ya isa Ibadan a 1901, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Kano, ko da yake an yi 'yan shekaru ana haye kogin Kwara da taragu a jirgin fito kafin a gama gadar Jebba. Agege, ƙasar Yarbawan Awori, ta samu tasha a kan wannan layi. A daidai lokacin wasu 'yan bokon Ikko irin su J. K. Coker suka buɗe manyan gonaki a Agege da Ifako, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Koko suka fi nomawa, da kasuwarsa ta yi rauni sai hankali ya koma ga goro irin na Gwanja, wanda Arewa ke so. A da, fatake sai sun yi watanni a hanyar Salaga da jakuna. Alhasan Ɗantata da tsararsa sun riga sun gajarta tafiyar, suna ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwanja zuwa Ikko. Yanzu ga goron a bakin tasha. Masu saye suka sauka, masu zaɓe suka zauna suna ware marsa daga minu, masu ɗaurin huhu suka samu sana'a, dillalai da 'yan kamasho da masu dako suka biyo baya. Inda suka sauka aka kira shi Zango, Yarbawa suka mayar da shi Sango, kamar yadda suka ari masallaci suka ce mosalasi. Har gobe akwai wurin da ake kira Mosalasi Alhaja a Agege, wato masallacin Hajiya.

Baƙo ba shi da hurumi. Duk abin da mutanen Zango suka mallaka tare, sai da suka roƙa ko suka saya daga masu ƙasa, da kuɗin karo-karo: filin masallaci, rijiya, makarantar allo, da wurin da za su rufe 'yan uwansu. Sarkin Hausawa shi ne bakin jama'a a gaban sarakunan Yarbawa da Joji, shi ke riƙe da amanar waɗannan wurare tare da liman da manyan fatoma. Kasuwancin kansa a kan amana yake tafiya. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin goro da shanu, ya nuna yadda dukiya mai yawa ke yawo tsakanin Kudu da Arewa ba takarda ba kotu, sai sunan maigida da tsoron zubar da shi. Agege ma haka take. Idan baƙo ya faɗi ya mutu a masauki, ba a tambayi garinsu ba kafin a zagaya da hula a haɗa kuɗin likkafani. Makara ta masallaci ce, diga da shebur na makabarta ne. Kayansa kuwa a ƙirga a gaban shaidu, a ɗaure, a damƙa wa amintaccen da zai hau jirgi ko direban babbar mota ya kai wa magada. Abin da Shehu ya zargi sarakuna da cinyewa, talakawan Zango sun maishe shi abin da ba a taɓawa.

Waje da Zango kuwa wata duniya ce, mai tsohon tarihin gardama a kan me ake nufi da na hukuma. Tun ranar 6 ga Agusta 1861, da Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Ikko ga Ingila, Turawa suka ɗauki ƙasar a matsayin ta Sarauniya. Abin ban sha'awa, Hausawa na cikin farkon waɗanda aka ba bindiga su tsare wannan iko. A 1863 John Glover ya tara rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka kuɓuta, kuma daga wannan shekara sojojin Najeriya ke ƙirga shekarunsu. Bahaushe ya fara gadin kayan gwamnati a Legas tun kafin a yi masa bayanin na wane ne.

A 1913 gwamnati ta karɓe fili a Apapa ƙarƙashin dokar filayen hukuma ta 1903, ta ce mai sarautar Oluwa, Cif Amodu Tijani, ba shi da mallaka, ɗan kuɗin da yake karɓa daga mazauna kawai za a biya shi. Ya ce filin na zuriyarsu ne baki ɗaya, shi mai riƙo ne. Ya sha kaye a kotunan Ikko, ya ɗaukaka ƙara har Landan, Herbert Macaulay yana masa tafinta. A Yulin 1921 majalisar shari'a ta Sarkin Ingila ta ba shi gaskiya, aka biya diyyar fam 22,500. Shari'ar ta tabbatar da abin da kowane mai unguwa a Kano zai gane nan take, cewa akwai dukiyar da ba ta mutum ɗaya ba, ba kuma ta gwamna ba, ta jama'a ce a hannun mai riƙo.

Rikicin ruwa ya fi kusa da Agege, domin matatar ruwan Iju tana maƙwabtaka da ita. Tun ana shirin aikin gwamnati ta ce mutanen gari za su biya kuɗin ruwa. A 1908 likitoci biyu, John Randle da Orisadipe Obasa, suka kafa ƙungiya don yaƙar wannan haraji. Hujjar mutane ita ce suna da rijiyoyinsu, famfo don Turawa za a kawo, su biya abinsu. Gwamna Lugga ya buɗe matatar a 1915, a 1916 aka yi bore. Wutar ta shiga har Babban Masallacin Ikko: Liman Buraima ya goyi bayan gwamnati, akasarin masallata suka juya masa baya suka nemi tsige shi, aka yi shekaru masu yawa ana shari'a da rabuwar sahu. Ɓangaren da ya ƙi liman da gwamnati sunan da ya ɗauka shi ne Jama'a. Da wuya a samu misalin da ya fi wannan fito da abin fili: gwamna yana cewa ya kawo ruwan jama'a, Jama'a tana cewa ba nata ba ne.

Shekara ɗari da ɗoriya bayan haka, Iju tana nan tana aiki, amma gidaje da yawa a Agege ba su san ɗigon ruwanta ba. Ruwansu yana zuwa a kura, jarka goma ko sha biyu, wani saurayi daga Jigawa ko Katsina ko Maraɗi yana turawa yana kauce wa ramuka. Mai rijiyar burtsatse ya sayar masa, shi kuma ya sayar wa matar gida da ɗan riba, ya hau bene da jarka biyu idan an ƙara masa wani abu. Kakanninsa a sana'ar da garwa biyu da sanda a kafaɗa suka yi ta. Yaron da aka karantar cewa ruwa na kowa ne, da sayar da shi yake aika kuɗi gida. A ƙofar masallaci dai akwai tanki da famfo uku ko huɗu da wani Alhaji ya sa fi sabilillahi, kowa ya zo ya ɗiba, ba a tambayar addininsa.

'Yancin kai bai warware ƙullin ba. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin 'yan Najeriya. Kalmar amana tana cikin dokar, amma abin da mai ƙaramin gida ya fahimta shi ne ana iya tashinsa da sunan amfanin jama'a. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiyagbon ta fito da doka ta 3, ta ƙwato dukiyar jama'a, ta kafa kotunan soja suka yi ta ɗaure tsofaffin gwamnoni, sai doka ta 20 da ta tanadi kisa ga mai fasa bututun mai ko satar wayar lantarki. A wannan guguwa aka samu kuɗi naira miliyan 3.4 a wajen tsohon gwamnan Kano, Sabo Bakin Zuwo, kuma har yau a teburin mai shayi ana maimaita amsar da ake jingina masa, cewa ai kuɗin gwamnati ne aka gani a gidan gwamnati, ina laifin? Mutane suna dariya, amma dariyar da sauran magana a cikinta. Marigayin ya faɗi a fili abin da kowa ya ɗauka a zuci, cewa kuɗin na gwamnati ne, gwamnati kuma ita ce wanda ke kan kujera.

Maƙwabta Yarbawa ma suna da irin wannan gado a harshensu. Aikin gwamnati a wurinsu aikin sarki ne, suna kuma da karin maganar da ke cewa ba a yi wa aikin sarki gumi. Unguwar da babbar mayankar Legas take, inda mahauta da dillalan shanu Hausawa ke wuni, sunanta Oko-Oba, ma'anarsa gonar sarki.

Wani lokaci kuɗin wannan fahimta da rai ake biya. Bututun mai na gwamnati da ya taso daga bakin teku ya ratsa ta Abule Egba, tafiyar 'yan mintoci daga Agege. Ranar 26 ga Disamba 2006, ana cikin ƙarancin fetur, ɓarayi suka huda shi da dare suka cika tankokinsu suka tafi. Gari na wayewa mutane suka fito da bokiti da jarka da robar wanki suna kwasa. Wuta ta tashi, fiye da mutum 250 suka ƙone. Galibinsu ba za su ɗauki tsinken maƙwabci ba. Sun ga rabo ne yana malala a ƙasa, ba mai shi a kusa.

A Oktoban 2020, bayan harbin masu zanga-zanga a Lekki, aka ƙona motocin BRT a Oyingbo da Berger, aka ƙona babbar kotun Igbosere, a Agege aka cinna wa ofisoshin 'yan sanda na Pen Cinema da Isokoko wuta, a Fagba rikici ya rikiɗe ya koma na ƙabilanci aka yi asarar rayuka da dukiya. Sai kuma aka gano rumbunan tallafin korona, a Mazamaza ta Legas da wasu jihohi, aka yi musu wawaso. A majalisun Hausawa kalmar da ta yi ta yawo ita ce ganima. Wasu suka ce haƙƙinmu ne aka ɓoye, mun ɗauki abinmu. Malamai a mumbari suka ce ko a yaƙi na gaskiya, wanda ya ɓoye allura daga ganima kafin a raba ya ci haram, balle buhun shinkafar da aka ajiye da sunan marayu da zawarawa, wanda mai ƙarfi ya ɗauki biyar mai rauni ya koma hannu rabbana. Gardamar ta yi amfani ta wata fuska, domin duka ɓangarorin sun yarda kayan na mutane ne. Ba wanda ya ce na gwamnati ne a bar mata.

Farfesa Peter Ekeh na Jami'ar Ibadan ya rubuta wata maƙala a 1975 da ake yawan komawa gare ta. Ya ce mulkin mallaka ya bar wa Afirka jama'a iri biyu: ta gida, wadda mutum ke jin kunyar cuta, da ta hukuma, wadda ake ɗauka daga gare ta a kai wa ta gida ba tare da jin an yi laifi ba. Bayanin ya dace da buta da murfin kwata. Sai dai wanda ya zauna a Zango zai ƙara wani abu. Asusun masallaci ba tsarkin zuciya kaɗai ke tsare shi ba. Ranar Juma'a ana sanar da abin da aka tara, a wasu masallatan a rubuta a allo: kuɗin man janareto kaza, gyaran lasifika kaza, ladan mai shara kaza. Kowa ya san gidan ma'aji, ya san surukansa. Kwamitocin masallaci ma suna rigima a kan kuɗi, wani lokaci har a kai ga Sarkin Hausawa, kuma rigimar ita ce shaidar cewa akwai wanda za a riƙe wa riga. Wanda ya biya kuɗin tikitin kasuwa kuwa, ko na lodin shanu, yana karɓar 'yar takarda, daga nan labari ya ƙare. Ƙaramar hukumar Agege tana da fiye da mutum 450,000 a ƙidayar 2006, kuma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa ganin allon da aka rubuta inda kuɗin tikitin ya tafi.

Taransifoma ta fi komai rikita lissafin. Ta lalace, unguwa ta yi wata biyu a duhu, a ƙarshe a bi gida-gida, mai shago ya ba da nasa, mai injin markaɗe ya ba da nasa, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri a takarda ɗaya. A sayo, a kafa, a yi mata keji da kwaɗo, a ƙara wa maigadin layi wani abu don ya sa ido. Wannan taransifoma ba mai taɓa ta, yara ma ba sa wasa kusa da ita. Amma tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, da zarar an jona ta a layi sai mutane su ji ana lissafa ta cikin kayan kamfani. Ta jama'a ce a wajen saye da gadi, ta kamfani ce a wajen takarda, idan kuma aka kama ɓarawon waya sai a ce ya lalata dukiyar gwamnati.

Maigadin nan, sau da yawa, ɗan Arewa ne. Wanda ake zargi da ɗauke murfin kwata ma ɗan Arewa ne, ɗan bola mai kura da maganaɗisu a sanda. A 2018 gwamnatin Legas ta haramta tura kurar shara, kuma duk lokacin da ƙarfen gada ya ɓace, 'yan gwangwan ake fara kamawa. Akwai ɓata-gari a cikinsu, shugabannin sana'ar ba sa musun haka. Amma murfin da ya kai nauyin buhun siminti ba a bola yake ƙarewa ba. Akwai mai sikeli, akwai mai babbar mota, akwai masana'antar da ke narkawa, kuma ba kasafai ake ganin waɗannan a bayan motar 'yan sanda ba. Dattawan Zango sun san abin da satar yaro ɗaya ke jawo wa dubban masu neman halal, shi ya sa jan kunne a kan sayen ƙarfen hukuma ya zama abin da ake maimaitawa bayan salla.

Layin dogon da ya haifi Zango yana cikin kayan gwamnati mafi daɗewa a Agege, kuma shi mutane suka fi mayarwa nasu. Shekara da shekaru kasuwa ta yi ta ci a kansa. Mai tumatir ta baza tire tsakanin ƙarafa, mai gwanjo ya shimfiɗa buhu a kan tsakuwa, mai nama ya kafa tebur. Jirgi ya yi kuka daga nesa, kowa ya janye kayansa taku biyu, taragu su wuce a hankali da mutane a kan rufi da bakin ƙofa, kafin ƙura ta lafa an mayar da komai inda yake. Ba wanda ke da takardar wurin, amma kowa ya san iyakarsa, har akan gāji wuri daga uwa.

Da aka tashi shimfiɗa sabon layin Legas zuwa Ibadan sai hukuma ta tuna filinta ne. Aka yi rusau a gefen layi, shaguna da rumfuna da gidaje suka tafi. Mai takarda ya bi layin diyya, wanda ya shekara talatin a wurin ba takarda ya kwashe kwanon rufinsa. A Maris 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, ranar 10 ga Yuni 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da layin, tashar Agege ta samu sunan Babatunde Fashola. Ranar 29 ga Fabrairu 2024 Shugaba Tinubu ya buɗe jirgin birni na Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, kusan shekara arba'in bayan gwamnatin soja ta soke jirgin birnin da Gwamna Jakande ya fara. Yanzu akwai katanga da shinge, ana shiga da katin Cowry, kujerun jirgin suna da tsabta, fasinja na harara wanda ya yar da leda. A ƙarƙashin gadar kuwa, inda inuwa ta sauka, wani dattijo ya ajiye faifan goro a kan kwali, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen algarara, yana yayyafa masa ruwa daga wata buta da ba rubutu a jikinta. Idan motar jami'an tsabtace titi ta ɓullo daga kwana zai naɗe kwalin ya matsa bayan ginshiƙi, idan ta wuce ya dawo.